Littafi ya fito, kuɗin talla kaɗan ne: amsa ga wata marubuciya a Maamobi, Accra

Malama, Allah ya sanya albarka a wannan aiki. Ga tambayarki a taƙaice: kin buga kwafi 500 na littafinki na gajerun labarai da Hausa, suna nan a kwali a ɗakinki, abin da ya rage a hannunki bai wuce sidi 1,500 ba, kuma masu ba ki shawara sun rabu. Wasu sun ce ki kama zauren taro ki yi ƙaddamarwa, wasu sun ce ki buga riguna da manyan fostoci, wasu kuma sun ce ki biya Facebook ya yi miki talla. Kina son sanin inda ya dace kuɗin su shiga.

Na daɗe ina aikin ɗab'i a unguwar New Town da ke nan Accra, kuma littattafan marubuta masu buga wa kansu da yawa sun bi ta hannuna. Abin da zan fara gaya miki shi ne, kafin ki kashe ko sidi ɗaya, ki dubi wanda kike so ya sayi littafin nan da idon basira. Mutumin Nima ko Fadama ko Madina, wato unguwanninmu na Zango a Accra, yana Hausa tun daga asuba har ya kwanta, amma ba da Hausa ya koyi karatu ba. Harsuna 11 ne Hukumar Harsunan Ghana take wallafa littattafai da su, irin su Twi da Ga da Ewe da Dagbani, kuma Hausa ba ta cikinsu. Yaronmu ya koyi haɗa baƙi da Turanci a makarantar boko, da Larabci a makarantar allo. Shi ya sa idan kika miƙa masa littafin Hausa sai ki ga ya juya shi, ya yi murmushi, ya ce ai shi bai iya karanta Hausa ba. Alhali ya iya, bai taɓa gwadawa ba ne. Da zarar ya ji an karanta masa shafi ɗaya yana bi da ido, sai ya kama karatun. Wannan ita ce babbar matsalar kasuwarki, kuma fosta komai girmanta ba ta warware ta. A Zango littafin Hausa ta kunne yake fara shiga, sannan ya bi ta hannun wanda aka yarda da shi. Duk abin da zan faɗa a kan wannan ya ginu.

Saboda haka kayan tallanki na farko muryarki ce, kuma kyauta ce. Ki zaɓi wurare huɗu ko biyar a littafin inda labari ya yi zafi, ki karanta kowanne a waya, minti biyu zuwa uku, kada ya wuce haka. Ki ɗauka bayan sallar asuba kafin hayaniyar motocin haya na trotro da masu sana'a ta tashi, a ɗaki mai labule da katifa, domin su ne ke shanye amsa-kuwwa. Ki kashe fanka. Ki tsaya daidai inda mai sauraro zai ce, to sai me ya faru? A nan za ki faɗi sunan littafin, da kuɗinsa, da inda ake samunsa, da lambar wayarki, ki maimaita lambar sau biyu a hankali. Kuma ina roƙonki, wannan bayanin na ƙarshe ki yi shi da Hausarmu ta Zango yadda kike magana da maƙwabciyarki. Ko da Hausar littafin ta bi ƙa'idar rubutu irin ta Kano, talla magana ce tsakaninki da mutanenki, kada su ji kamar baƙuwa ce ke musu shela.

Wajen rabawa akwai abin lura. Sitatus na WhatsApp awa 24 yake yi ya ɓace, don haka ba a sawa sau ɗaya a ce an gama, sai a riƙa canza salo: yau murya, gobe hoton bangon littafin a hannun wata da ta saya kuma ta yarda a nuna, jibi layi biyu daga cikin labari. Jerin aika saƙo ga mutane da yawa lokaci ɗaya yana ɗaukar lamba 256, amma saƙon ba ya isa sai ga wanda ya adana lambarki a wayarsa, shi ya sa za ki riƙa cewa mutane su adana ta. Zaurukan WhatsApp na unguwa da na makarantu da na tsofaffin ɗalibai kuwa, kada ki afka musu da talla. Ki fara magana da mai kula da zauren, ki ba shi kwafi, ki bar shi ya sa da kansa. Saƙon da ya fito daga hannunsa ya fi naki nauyi a wurin. WhatsApp Business kyauta ne, yana da wurin sa hoton kaya da farashi, ya ishe ki shago.

Abu ɗaya da nake hana kowane marubuci: kada ki tura wa kowa cikakken littafin a PDF, ko da aminiyarki ce, ko da malaminki ne. Ba mugunta ke sa mutane yaɗa shi ba, ƙauna ce, suna ganin taimakonki suke yi. Amma kafin mako ya zagayo ya kai Tamale da Lome, kwalayenki kuma suna nan yadda suke. Dokar haƙƙin mallaka ta 2005 ta ba ki kariya, sai dai ba za ki iya bin waya dubu kina ƙara ba. Labari ɗaya cikakke ki fitar ki raba kyauta, da bangon littafin a farkonsa da lambarki a ƙarshensa. Wannan ki so ya yaɗu iya yaɗuwa.

Daga waya sai rediyo. Marhaba FM tana nan kusa da ke, Zuria FM tana Kumasi, GBC, gidan rediyon gwamnati, ma tana da shirye-shiryen Hausa. Kuɗinki ba za su ɗauki tallan da ake maimaitawa kullum ba, kuma ba shi kike buƙata ba. Ki nemi shiga shiri a matsayin baƙuwa. Mai gabatar da shiri kullum cikin neman abin tattaunawa yake, to ki je masa da magana, ba da roƙon talla ba. Idan a cikin labaranki akwai na yarinyar da aka cire daga makaranta, ko na tsadar kayan aure, ko na saurayin da ya bi ta sahara, wannan shi ne batun shirin, littafin kuma zai shigo da kansa. Ki kai masa kwafi tun mako guda kafin ranar, ki sa alama a shafukan da kike so ya duba, ki ware kwafi biyu ko uku na kyauta ga masu bugo waya. Ki tabbata kin karanta wani yanki a iska, kuma ki sa wani ya ɗauka miki, domin wannan hirar za ki yanka ta gunduwa-gunduwa ta yi miki aikin wata guda a WhatsApp. Wasu tashoshin za su nemi kuɗin lokaci. Ki tambaya tun farko, idan ya fi ƙarfinki ki yi godiya ki nemi wani shirin.

Yanzu bari mu zo fannina, wato abin da ake bugawa a takarda. Da ni ne ke, abu biyu kawai zan buga: ƙaramin kati, da 'yan fostoci kaɗan. Katin ya zama girman A6, wato rubu'in takardar A4, ko kuma siriri dogo wanda ake sawa cikin littafi don alamar shafi. Takardar A3 ɗaya tana fitar da A6 guda takwas, kin ga kati 400 takarda 50 ce kawai. Ki ce a yi miki a kan kati mai kauri, giram 250 ko 300, domin takarda mai laushi a aljihu take mutuwa, mai kauri kuwa ana ajiye ta. Adadi kaɗan irin wannan a injin dijital ake yinsa. Babban inji mai faranti sai an kai dubbai yake sauƙi, saboda kuɗin yin farantin ɗaya ne ko kwafi ɗari za a buga ko dubu biyar. Ki shiga shago uku a New Town ki ji farashi kafin ki tsayar, kuma ki tambaya ko da yanka a ciki. Idan Allah ya kai ki bugu na biyu, ki ce wa mai maɗaba'a ya jera miki alamar shafi a gefen takardar da zai buga bango a kai. Sau da yawa akwai sararin da yankewa za a yi a zubar, ke kuma kin samu kati kusan a kyauta.

Abin da za a rubuta a katin kaɗan ne: hoton bango, jimla ɗaya mai jan rai daga cikin littafin, inda ake samu, da lambar waya da manyan baƙaƙe. Ki ƙara layi ɗaya da Turanci mai bayyana ko wane irin littafi ne, don matasan da idonsu ya fi sabawa da shi. Idan kina da wanda ya iya ajami da kyau, ya rubuta miki sunan littafin da hannu a ɗauki hotonsa a sa, dattawa suna jin daɗin ganin haka ƙwarai. Lambar QR mai kai mutum kai tsaye ga WhatsApp ɗinki tana da amfani kuma kyauta ake yinta, amma ba ta maye gurbin lambar waya. Farashi kuwa ki bar gurbinsa fari, ki riƙa cikawa da biro ko hatimin roba. Takardar ɗab'i daga waje ake shigo da mafi yawanta, farashinta yana bin dala. Wanda ya ga ƙarshen 2022, lokacin da hauhawar farashi ta haura kashi 50 cikin ɗari a ƙasar nan, ya san yadda kati mai ɗauke da tsohon farashi yake zama abin jayayya tsakanin mai saye da mai sayarwa.

Akwai kurakuran da nake gani kullum a teburina. Mutum ya tsara abinsa a manhajar Canva a waya, wanda ba laifi ba ne, sai ya turo ta WhatsApp a matsayin hoto. WhatsApp yana matse hoto, idan an buga sai ya fito dishi-dishi. Ki fitar da shi PDF na bugawa, ki tura a matsayin fayil. Hoton bango ya kai ɗigo 300 a kowane inci, kuma ki karɓi asalinsa daga wanda ya tsara miki bango, kada ki ɗauki hoton littafin da waya. Ki bar rarar milimita 3 a kowane gefe saboda yanka, rubutu kuma ya nisanci baki. Launin da kike gani a fuskar waya haske ne, na takarda tawada ce, shuɗi da kore masu ƙyalli sukan dushe, don haka ki ce a buga miki guda ɗaya ki gani da idonki kafin a saki sauran. Sai babbar damuwarmu mu masu Hausa: baƙaƙe masu lanƙwasa. Yawancin salon rubutun da ke kwamfutocin maɗaba'a ba su da ƙ da ɗ da ɓ, sai su fito akwati-akwati ko su koma wani salo daban a tsakiyar kalma. Yaron da ke kan kwamfutar ƙila ba ya jin Hausa, ba zai lura ba. Ke za ki duba, kalma bayan kalma, musamman sunan littafin.

Kuma don Allah kada a sa aya ko hadisi ko sunan Allah a katin da za a raba a titi. Kin san inda irin waɗannan takardu suke ƙarewa, wasu a kwata, wasu a naɗe ƙosai da su. Abin da ya cancanci girmamawa ya zauna cikin littafin.

Fosta kuwa A3 guda 20 zuwa 30 sun isa, kuma duk a cikin inuwa za su zauna: shagon tela, wurin kitso da lalle, kemis, allon sanarwar makarantar Islamiyya, rumfar mai waakye, wato shinkafa da wake, inda ake tsayawa layi. Inda mutum ke zaune yana jira, nan yake karanta abin da ke bango. Ta jikin katangar titi ruwan Afrilu zuwa Yuli zai cinye ta, ko wani ya liƙa tasa a kai kafin kwana biyu, ga shi kuma allon talla na waje yana buƙatar izinin hukumar yanki. Kowace fosta ki liƙa ta ne a inda littafin yake, ta yadda wanda ya karanta zai miƙa hannu ya ɗauka. Riguna da huluna da kofuna ki manta da su. Kuɗin riga ɗaya ya buga kati masu yawa, kuma ban taɓa ganin wanda ya sayi littafi don ya gan shi a bayan wani ba.

To, su wa za su riƙe miki littafin? Nan ne aikin yake, kuma nan ne kaso mai tsoka na kuɗinki zai tafi, a kuɗin mota. Ki nemi mutum goma zuwa goma sha biyar waɗanda jama'a ke zuwa wurinsu kuma ake jin maganarsu: malamar makarantar matan aure, shugabar adashi, mai sayar da atamfa da turare a kasuwar Nima wadda ranar Laraba ba ta samun wurin zama, masu shimfiɗa littattafan addini a bakin masallaci ranar Juma'a, har da na Babban Masallacin Ƙasa da ke Kanda. Kowa ki ba shi kwafi biyar, ba ashirin ba. Biyar suna ƙarewa ya kira ki cikin farin ciki, ashirin kuwa ƙura za su sha a ƙarƙashin tebur. Ki yanka masa la'adarsa a fili tun ranar farko. Shagunan littattafai sukan nemi wajen kashi ɗaya cikin uku na farashi, don haka kada ki ji ƙyashin ba wa 'yar'uwarki ta Zango abin da zai sa ta buɗe baki ta yi tallan. Ki sayi ƙaramin littafin lissafi, kowa da shafinsa: ranar da ya karɓa, adadi, sa hannu. Ba a ƙara wa kowa sai ya kawo kuɗin na farko. Wannan ba rashin yarda ba ne, shi ke sa zumunci ya daɗe.

Tarukanmu na mata kasuwa ce da maza marubuta ba su da ita. Suna, walima, taron adashi, taron reshen unguwa na FOMWAG, ƙungiyar mata Musulmi ta Ghana: ki nemi izinin mai taro, a ba ki minti biyar ki karanta shafi ɗaya, kwafi goma suna cikin jakarki. Ban da gidan rasuwa. Laburaren al'umma na Nima da Maamobi ma wuri ne da za ki nemi a ba ki rana ki karanta wa yara da iyayensu, ki bar musu kwafi biyu. Game da makarantu, shigar da littafi cikin jerin waɗanda aka amince a koyar da su sai ya bi ta NaCCA, hukumar tsara manhajar karatu, wannan doguwar hanya ce. Amma shugaban makarantar Islamiyya yana iya sayen kwafi goma don kyautar ɗalibai ranar walimar sauka ko bikin ƙarshen shekara, kuma wannan magana ce ta zama ɗaya.

Kyauta kuma a yi mata iyaka. 'Yan'uwa da abokan arziki kowa zai ce ina nawa, idan kika biye musu kwali guda zai tafi. Ki ware kwafi 30, ki ɗauke su kamar irin shuka: ba a zuba shi sai inda ake sa ran zai tsiro. Mai gabatar da shiri, limamin da zai ambata, malamar da ɗalibai ke kewaye da ita. Sauran ki gaya musu da fara'a cewa sayensu shi ne gudummawarsu.

Ƙaddamarwa ban hana ki ba, amma ki san me ake nema da ita. A al'adar ƙasar nan ana naɗa shugaban taro, a yi gwanjon kwafin farko, masu hali su saya da tsada don ƙarfafa marubuci. Idan an dace, yini ɗaya yana mayar da kuɗin bugu. Sharaɗin shi ne mutanen da za su yi wannan sayen ki riga ki je gidajensu da kanki, sun amsa za su zo. Idan ba ki da ko uku irinsu, kada ki kama zaure. Harabar makarantarku bayan la'asar ta isa, kujeru na aro, lasifika ta aro, ruwan leda da ɗan abin taɓawa. A gayyaci sarkin Zango da limami su sa albarka, jawabai su zama gajeru, karatu daga littafin ya fi komai tsawo. Ki sa mutum biyu amintattu a tebur, ɗaya da littattafai da canji, ɗaya da waya, lambar MoMo ta karɓar kuɗi ta waya kuma a rubuce da manyan baƙaƙe inda kowa zai gani. An soke E-Levy, harajin tura kuɗi ta waya, tun Afrilun 2025, don haka wannan uzurin ya kau. Alkawarin da aka yi a lasifika a karɓe shi kafin a watse cikin ladabi, domin wanda ya kwana yakan yi wuyar fitowa. Ki guji makon komawa makaranta da goman ƙarshe na azumi, lokacin aljihun kowa na wajen kuɗin makaranta ko ɗinkin Sallah.

Ba ki faɗa mini ko littafin yana da ISBN ba, wato lambar shaidar littafi ta duniya. Idan babu, ki je Laburaren George Padmore, a nan ake bayarwa a ƙarƙashin Hukumar Laburare ta Ghana, kuma a nan za ki ji batun kwafin da doka ta ce a ajiye. Lamba 13 ce, ana iya buga ta a sitika a liƙa a bayan kwafin da aka riga aka buga. Mai saye a Nima ba zai tambaye ta ba, amma manyan shaguna da laburare za su tambaya. Baje kolin littattafai na ƙasa da ƙasa da ƙungiyar mawallafa ke shiryawa a Accra, galibi a watan Agusta, da bikin adabi na Pa Gya!, da tarukan Ƙungiyar Marubutan Ghana, duk ki halarta don sanin mutane da ganin yadda wasu ke yi. Sai dai kada ki kama tebur ke kaɗai, ki haɗa kuɗi da marubuta biyu ko uku, domin masu karanta Hausa ba su da yawa a can.

Biyan Facebook shi ne na ƙarshe a lissafina. Ki fara sa gajerun bidiyon karatunki kyauta a Facebook da TikTok, ki ga wanne mutane suka fi turawa da yin magana a kai. Wannan ɗin kaɗai za ki ɗora wa ɗan kuɗi na kwana uku ko huɗu, ki taƙaita shi ga Accra da Kumasi, kuma ma'auninki shi ne mutum nawa suka turo saƙo suna tambayar littafi, ba yawan masu danna alamar so ba. Inda intanet ya fi yi miki amfani shi ne wajen 'yan Zango da ke Bronx ta Amurka da Jamus da Saudiyya. Aika musu littafi ɗaya ya fi kuɗin littafin tsada, to ki ba su wata hanya: mutum ya biya kuɗin kwafi goma, ki kai wa makarantar da ya yi karatu a cikinta da sunansa ko da sunan mahaifiyarsa, ki tura masa hoto. Mutanenmu na waje suna son irin wannan alheri, kuma littafin ya shiga hannun yara.

Idan za a raba sidi 1,500 ɗin, ni zan sa wajen kashi ɗaya cikin uku a kati da fosta, kashi ɗaya a kuɗin mota da data na wata uku, sauran kuma a riƙe don ƙaramin taro da abin da ba a zata ba. Duk wanda ya saya ki tambaye shi a ina ya ji labarin littafin, ki rubuta, kuma ki nemi izininsa ki adana lambarsa. Bayan wata biyu wannan shafin zai nuna miki hanyar da ke kawo ciniki da wadda za ki bari, kuma waɗannan lambobin su ne za ki fara sanar wa idan littafi na biyu ya kusa, har su biya kafin a buga. Kuɗin da ke shigowa ki cire kuɗin bugun kowane kwafi ki ajiye daban, kada ya shiga cefane. Kumasi kuwa kada ki tafi da kanki tukuna. Ki samu mutum ɗaya amintacce a Aboabo ko Asawase, ki aika masa kwafi 20 da kati 50 ta motocin kamfanin VIP daga tashar Circle, ya karɓa a tashar Asafo, sannan ki nemi hirar Zuria ta waya bayan littattafan sun isa hannunsa, ba kafin nan ba.